Adana Tsofaffin Irin Tumatir a Tsaunin Jos: Jagora ga Manoma da Masu Lambun Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga kasuwar Farin Gada da ke Jos a lokacin da tumatir ya wadata zai lura cewa kwandunan da ake lodawa a manyan motoci kusan duk iri ɗaya ne ko biyu: dogon tumatir mai tauri, mai kaurin fata, wanda zai jure tafiya har kasuwar Mile 12 ta Legas. Wannan shi dillali yake nema, don haka shi manomi yake shukawa, kuma babu laifi a cikin hakan. Sai dai a daidai lokacin da ake wannan ciniki, akwai wasu nau'o'in tumatir da suke ɓacewa a hankali ba tare da an lura ba. Daga cikinsu akwai faffaɗan nan mai tsaga-tsaga kamar kabewa, mai ruwa da ɗan tsami, da kuma ƙananan nan masu kama da 'ya'yan kanya waɗanda ke fitowa gyauro a bayan gida ko a gefen juji. Irin da babu kamfanin da ke sayar da shi, ranar da mai shuka shi na ƙarshe ya daina, to ya tafi ke nan.

An shirya wannan jagora domin kai manomin lambu, da ke uwargida mai ɗan fili a bayan ɗaki, da ma'aikacin da ya yi ritaya yake neman abin da zai ɗebe masa kewa. Manufarta ita ce ta nuna maka yadda kai da maƙwabtanka za ku tattara waɗannan tsofaffin iri, ku shuka su a ɗan lungu na gona, ku fitar da tsabarsu da tsabta, ku riƙa musaya a tsakaninku, alhali noman kasuwa yana tafiya yadda ya saba.

Wane ne tsohon iri, wane ne mai aure?

Tumatir baƙo ne a ƙasarmu. Asalinsa daga yankin tsaunukan Kudancin Amurka ne, wajen ƙasashen Peru da Ekwado, an kuma fara noma shi sosai a Meziko. Mutanen Sifen ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu zuwa sauran duniya har ya iso mana. To amma baƙon da ya daɗe yakan zama ɗan gari. Idan manoman wuri suka shekara da shekaru suna zaɓen iri daga gonarsu suna mayar da shi ƙasa, irin yakan saba da ƙasar wurin da yanayinta da ɗanɗanon mutanenta. Wannan shi ake nufi da tsohon iri ko irin gado. A kasuwannin Arewa za ka ji sunaye irin su Ɗan Siriya da Tandino da Bahaushe, a ƙasar Yarabawa kuma akwai Beske. Ka lura cewa suna ba hujja ba ne: iri ɗaya yana iya samun suna uku a garuruwa uku, haka kuma suna ɗaya yana iya hawa kan iri daban-daban.

Bayan waɗannan akwai ingantattun iri da masu bincike suka fitar amma ake iya cire tsabarsu a sake shukawa su fito yadda suke. Misali shi ne Roma, wanda aka fitar a Amurka a 1955, wanda kuma daga gare shi aka samu Roma VF mai jure wasu cututtukan yaushi guda biyu. Haka nan UC82B na Jami'ar Kalifoniya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da jerin irin da ake kira SAMTOM, yayin da Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da ke Ibadan, wato NIHORT, ta fitar da HORTITOM guda uku a 2023. Wasu daga cikin tsofaffin ingantattun irin nan sun daɗe a hannun manoma har sun fara zama na gado su ma, kuma sun cancanci a adana su.

Kashi na uku shi ne iri mai aure, wanda za ka ga an rubuta F1 a jikin ledarsa ko gwangwaninsa. Kamar yadda yake ga masara mai aure, ana samunsa ne ta hanyar haɗa iyaye biyu daban, kuma kamfanin ne kaɗai ya riƙe iyayen. Shukar farko takan yi kyau ƙwarai, ta ba da yabanya mai yawa, kai ɗaya. Idan ka cire tsabarta ka shuka, jikokin sukan watse: wani dogo, wani zagayayye, wani mai saurin nuna, wani marar jure cuta. Saboda haka mai noman F1 dole ya koma shago kowace shekara, kuma mafi yawan irin nan daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin farashin dala. Wannan bambanci shi ne tushen aikin gaba ɗaya. Kada ka ɓata lokacinka wajen adana tsabar iri mai aure.

Abin da tsohon iri zai ba ka, da abin da ba zai ba ka ba

Wajibi ne a faɗi gaskiya tun da wuri. Yawancin tsofaffin iri ba su kai mai aure yawan yabanya ba. Fatarsu siririya ce, suna fashewa idan ruwa ya yi yawa, kuma idan aka danna su a kwando aka ɗora wani kwandon a kai, kafin mota ta wuce Akwanga na ƙasa sun zama miya. Wanda ya shuka eka guda da su da niyyar kai wa Kudu ya jawo wa kansa asara. Kasuwarsu ta kusa ce: tukunyar gida, maƙwabta, masu sayar da abinci, da masu neman tumatir na ci ɗanye a kwaɗo ko salak.

Amfaninsu kuwa yana wani wajen. Na farko ɗanɗano, wanda duk uwargidan da ta saba da su za ta shaida. Na biyu, da yawansu ba sa tsayawa da girma. Suna ci gaba da fure suna 'ya'ya har tsawon watanni, abin da ya dace da mai tsinkar na cefanen yau da gobe. Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci ga ƙasa, shi ne halayen da ke ɓoye a cikinsu. Masu binciken iri ba sa ƙirƙirar juriya daga babu. Nemo ta suke yi a cikin tsofaffin iri da dangin tumatir na daji, su shigar da ita cikin sabo. A 2016 tsutsar nan mai cin ganye da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Filato, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Tsofaffin iri ma ba su tsira daga sharon ba, kada wani ya gaya maka haka. Abin da annobar ta nuna shi ne cewa matsala sabuwa tana iya zuwa a kowane lokaci, kuma ƙasar da ta rage iri biyu kacal a gonakinta ba ta da wurin da za ta nemi magani.

Dalilin da ya sa Jos ta dace

Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, shi ya sa yake da sanyin da babu shi a Kano ko Sakkwato. Tumatir yana ɗaure 'ya'ya da kyau idan zafin dare yana tsakanin digiri 15 zuwa 20, kuma yakan zubar da fure idan zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35. A lokacin bazara, sa'ad da furen tumatir ke zubewa a ƙasashen kwari, manomin Bukuru ko Barkin Ladi ko Riyom yana iya samun amfani. Bugu da ƙari, haƙar kuza da aka yi tun farkon ƙarni na 20 ta bar kududdufai masu yawa waɗanda ake noman rani da ruwansu, ga kuma lambunan bakin kogin Dilimi. Ma'ana, mai adana iri a nan yana da damar shuka sau biyu a shekara.

Amma sanyin da laimar damina suna da tasu illar. Cutar ƙunar ganye da ke addabar dankalin Turawa a Bokkos da Mangu ita ce dai take kama tumatir, domin 'yan gida ɗaya ne. Tana yaɗuwa da sauri idan aka jera kwanaki ana yayyafi da hazo, kuma tana iya ƙone fili cikin mako guda. Don haka shawarar ita ce ka yi noman fitar da tsaba da rani, daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, lokacin da ganye ke bushe. Idan kana son gwada juriyar wani iri da damina, gwada shi da ragowar tsaba, ka bar asalin a kwalba. Kada ka shuka tumatir a inda aka cire dankalin Turawa ko tattasai ko attaruhu ko gauta. A bar irin wannan fili shekara uku ana sa masara ko acca ko albasa.

Yadda za ku haɗa kai

Mutum ɗaya ba zai iya riƙe iri goma da tsabta ba, musamman mai ƙaramin fili. Mutum shida ko takwas kuwa za su iya. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne kowa ya ɗauki iri ɗaya ko biyu ya zama shi ne mai riƙon amanarsu, sannan kowane iri ya kasance yana hannun mutum biyu a wurare biyu daban. Idan shanu suka shiga lambun wannan, ko ƙanƙara ta sauka a unguwarsu, na wancan yana nan. Ba a bukatar rajista ko kuɗin shiga kafin a fara. Littafi guda da biro sun isa.

Neman irin shi ne ɓangaren da ya fi daɗi, kuma a nan ne tsofaffi suke da muhimmanci. Ku tambayi dattawan mata, domin su ne suka fi ajiye tsaba a ƙulle cikin tsumma ko a shafe a jikin bango. Ku leƙa kasuwannin ƙauye, wajen masu kasa tumatir kaɗan-kaɗan a faifai, ba wajen masu kwanduna ba. Duk irin da aka ba ku, a rubuta sunan da mai shi yake kiransa da harshensa, ko Birom ne ko Afizere ko Anaguta ko Hausa, da ƙauyen, da shekarar da aka karɓa, da wurin wanda shi ma ya samo, da abin da ya sa yake sonsa. Wannan tambaya ta ƙarshe kada a raina ta. Amsar da za a ba ka, wai ba ya jin fari, ko yana yin kauɗa mai kyau, ko ba ya bukatar a ƙara wa miya tsami, ita ce za ta gaya maka abin da za ka duba a gona.

Akwai tarko guda a nan. Tumatir ɗin da ka saya a kasuwa, ko gyauron da ya fito a juji, yana iya zama jikan mai aure ne. Hanyar ganewa ita ce ka shuka tushe 20 daga tsabarsa ka zuba ido. Idan suka fito kusan kai ɗaya a ganye da siffar 'ya'ya, shekara biyu a jere, to iri ne zaunanne. Idan suka watse, a ci 'ya'yan kawai.

Sau ɗaya a shekara, bayan an gama tsinka, sai ku haɗu kowa ya kawo 'ya'yan irinsa da tsabarsa. A yanka a ɗanɗana, a kwatanta, a rubuta. Wanda ya karɓi cokali ɗaya na tsaba bana, ya dawo da biyu baɗi. Irin wannan zama ba sabon abu ba ne a duniya. A Amurka akwai ƙungiyar Seed Savers Exchange da aka kafa a 1975, mai mazauni a jihar Iowa, wadda ta faro daga masu lambun gida da ke aika wa juna tsaba, yanzu kuma tana riƙe da nau'o'in shuke-shuke fiye da 20,000. Ta hannun irin waɗannan mutane ne tsofaffin tumatir kamar Brandywine suka dawo kasuwa bayan an kusa mantawa da su.

Reno da dashe

Noman bai bambanta da wanda ka sani ba. A yi bedin reno mai faɗin mita ɗaya, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a shuka tsaba a layi a zurfin santimita ɗaya, a rufe da ciyawa har ta tsiro. Kowane iri da nasa bedin da alamarsa, domin yawancin cakuɗuwar iri a wurin reno take faruwa, sa'ad da yaro ya zo tuge dashe ya haɗa su a kwano ɗaya. Bayan mako 3 zuwa 4, idan shukar ta yi ganye huɗu ko biyar, a dasa da yamma, a bar tazarar santimita 60 tsakanin tushe da tushe. Masu yaɗo suna bukatar a kafa musu sanda a ɗaure, don kada 'ya'yan su kwanta a ƙasa su ruɓe. A rage takin zamani mai sa ganye, domin tsohon iri yana saurin tafiya ga ganye ya manta da 'ya'ya. A riƙa ban ruwa a kan kari. Fili ya bushe ƙurmus sannan a malale shi da ruwa, shi ke sa 'ya'ya fashewa.

Furen tumatir yana barbarar kansa da kansa, shi ya sa adana irinsa ya fi na masara sauƙi nesa ba kusa ba. Duk da haka ƙudan zuma da danginsu sukan ɗauki garin fure daga wannan iri zuwa wancan, kuma wasu tsofaffin iri, musamman ƙananan nan, sun fi saurin karɓar baƙon gari saboda yadda furensu yake a buɗe. Ka raba iri da iri da taku 15 zuwa 20, ka sa wata shuka doguwa a tsakani idan da hali. Mai ƙaramin fili kuwa sai ya ɗinka 'yar jaka da tsohon gidan sauro, ya rufe reshen fure tun kafin ya buɗe, ya riƙa girgiza shi da hantsi. Idan 'ya'ya suka ɗaure sai a cire jakar, a ɗaura zare mai launi a reshen don a gane shi ranar tsinka.

Zaɓen uwar iri

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayar da na farko da na tsakiya, sai a ƙarshen lambu a tattara ragowar da cuta ta bari a ce su ne iri. Mai yin haka shekara biyar yana koya wa irinsa lalacewa ne da hannunsa. Tushe ake zaɓa, ba ɗa ba. Ka zaga gonar tun shuka tana fure, ka sa alama a tushe 10 ko fiye masu lafiya, waɗanda suka yi kama da irin yadda aka san shi. Duk wanda ganyensa ya nannaɗe, ko ya yi dabbare-dabbare, ko ya yi yaushi da rana alhali ƙasa tana da danshi, a tuge shi a fitar daga gonar. Haka nan duk bare da ya bambanta da 'yan'uwansa. Daga tushen da aka zaɓa, a ɗebi 'ya'yan reshe na biyu da na uku, waɗanda suka nuna sosai a jikin uwarsu, a haɗa tsabarsu wuri ɗaya. Ɗiba daga tushe ɗaya tak yana rage wa tsohon iri bambancin da ke cikinsa, wanda shi ne ƙarfinsa.

Fitar da tsaba

Kowace ƙwayar tsabar tumatir tana lulluɓe da wani yauƙi mai hana ta tsiro, kuma wasu ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a jikinsa. Shafa tsaba a bango ko a tsumma yana aiki, iyayenmu sun yi, amma tsimawa ta fi tsabta. A wanke 'ya'yan, a yanka su a tsakiya, a matse tsabar da ruwanta cikin roba ko kwalba. Kada a yi amfani da kwanon ƙarfe, domin tsamin yana cin sa. A rufe da ƙyalle a ajiye a inuwa, a riƙa motsawa safe da yamma. A wuri mai zafi kwana 2 ya isa. A hunturun Jos yana iya kaiwa kwana 3 ko 4. Za ka ga kumfa da farar fumfuna a sama, ka ji wari. Alama ce aiki yana tafiya. Da zarar yauƙin ya saki tsabar, kada a ƙara kwana, in ba haka ba za ta fara tsiro a cikin ruwan.

Sai a cika robar da ruwa a motsa. Tsaba mai kyau za ta nutse, marar ciki da dusa su taso, a tsiyaye su. A maimaita har ruwan ya yi garau. A tace da rariya, a baza a faifai ko tire, siriri, a wuri mai iska a inuwa. Kada a shanya a kan kwano ko dutse da tsakar rana, zafin yana kashe ƙwayar. A riƙa murzawa da yatsa don kada ta dunƙule. Cikin kwana 5 zuwa 7 za ta bushe. Idan ana zargin cuta a gonar da tsabar ta fito, ana iya tsoma ta a ruwa mai zafin digiri 50 na minti 25 kafin shuka, amma sai da ma'aunin zafi a hannu, kuma zai fi kyau malamin gona yana wurin, domin ƙarin digiri kaɗan dafa ta zai yi.

Ajiya da gwaji

Maƙiyan tsaba biyu ne, laima da zafi. A zuba busasshiyar tsaba a ambulan takarda, a rubuta suna da shekara da sunan wanda ya noma, a sa ambulan cikin kwalba mai murfi da ke rufuwa gam. A sa ɗan ƙullin busasshiyar toka ko gawayi a ciki don ya shanye laima, a ajiye a ɗaki mai sanyi da duhu, nesa da madafa da rufin kwano. A haka tsabar tumatir tana kai shekara 4 da ranta. Da damina a rage buɗe kwalbar. Giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya kusan 300, saboda haka abin da zai cika kwalbar magani ƙarama ya ishi ƙungiya gaba ɗaya.

Mako biyu kafin reno, a ƙirga ƙwaya 20 a jera a jiƙaƙƙen ƙyalle, a naɗe, a ajiye a wuri mai ɗumi ana yayyafa ruwa. Bayan kwana 10 a ƙirga waɗanda suka tsiro. Idan sun kai 16, tsabar tana da ƙarfi. Idan sun gaza 12, a shuka irin a wannan shekarar ko da ba a yi niyya ba, a sabunta shi. Ko tsaba tana da kyau, kada a bar wani iri ya wuce shekara 3 ba a mayar da shi ƙasa ba, kuma kada a taɓa shuka duk abin da ke kwalba a lokaci ɗaya. A bar rabi.

Idan ƙungiyarku ta samu irin da ya nuna wata juriya ta musamman shekara bayan shekara, ku sanar da malamin gona na Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Filato, tare da littafinku. Ta hannunsa ana iya aika samfuri zuwa ma'ajiyar iri ta ƙasa, wato NACGRAB da ke Ibadan, inda ake ajiye tsaba a ɗakunan sanyi na dogon lokaci. Idan kuma kuka kai ga son ƙulla tsaba a leda da suna domin sayarwa a shago, wannan ya zama sana'ar iri, kuma dokar iri ta 2019 ta wajabta yin rajista da Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa kafin a fara.